Fenti, Faifai da Gidauniya: Abin da Kyamara Ta Gani a Titunan Niyok

Zanen da samarin Niyok suka yi ta yi a jikin jiragen ƙasa daga farkon shekarun 1970 zuwa 1989, yau da wuya a sami ko tarago ɗaya da ke ɗauke da shi. An wanke wasu da sinadari, an shafe wasu da sabon fenti. Taragan da suka tsufa kuwa, wasu sun tafi wajen masu narka ƙarfe, wasu an zuba su a teku don kifaye su sami maɓoya. Abin da ake ratayewa a gidajen nune-nune, ake kuma koyarwa a jami'o'i da sunan fasahar titi, hotuna ne, yawancinsu aikin mutanen da ba su wuce a ƙirga su da yatsu ba. Haka zancen yake ga kiɗan hip-hop a shekarunsa na fari, kafin a fara buga shi a faifai. Da aka zo zamanin da mawaƙa da masu zane suka shiga tara wa mabukata kuɗi ma, hoto ne ya kwance bakin jaka. Duk wanda ya san tarihin waɗannan abubuwa uku a yau, ta idon mai ɗaukar hoto ya san shi, kuma mai ɗaukar hoto abin da ya zaɓa yake nunawa.

Garin da abin ya tsiro

A 1975 birnin Niyok ya kai bakin tsiyacewa. Asusun hukumar birnin ya bushe, aka sallami dubban ma'aikata, har da 'yan sanda da malaman makaranta da 'yan kwana-kwana. Unguwar da ta fi ji a jika ita ce kudancin Bronx, mazaunin baƙaƙen fata da 'yan asalin tsibirin Puerto Rico. Tun kafin nan, babbar hanyar mota da jami'in tsara birnin, Robert Moses, ya shata ta ratsa tsakiyar unguwar ta tashi dubban iyalai, masu hali suka kwashe nasu ya nasu suka yi gaba. Masu gidajen haya da suka ga kuɗin haya ba ya biyan haraji, wasunsu suka koma sa a cinna wa gidajen wuta don su karɓi kuɗin inshora. Da Shugaba Jimmy Carter ya ziyarci titin Charlotte a watan Oktoba na 1977, kangaye da tarin bulo ya tarar, kamar garin da aka ci da yaƙi.

Rubuta suna a bango ya fara ƙarfi a Filadelfiya a ƙarshen shekarun 1960, amma a Niyok ya bunƙasa. Ranar 21 ga Yuli, 1971, jaridar New York Times ta buga labarin wani saurayi ɗan asalin Girka, ɗan aike, wanda ke rubuta TAKI 183 duk inda ya gilma: Taki inkiyarsa ce, 183 lambar titinsu. Labarin ya zama kamar an watsa wa kaji tsaba. Cikin 'yan shekaru, suna ya tashi daga ɗan rubutu da alƙalamin tawada ya koma manyan haruffa masu launi iri-iri da ake fesawa da gwangwanin fenti, da inuwa da kibiyoyi da sarƙaƙiyar da baƙo ba ya iya karantawa, har ya kai ana lulluɓe tarago guda daga sama har ƙasa, tagogi da ƙofofi duka. Masu yin abin marubuta suke kiran kansu, domin a wurinsu suna ake rubutawa. Dalilin zaɓen jirgi kuwa a fili yake. Bango yana nan inda aka bar shi, jirgi kuwa yana ɗaukar sunan yaro daga Bronx ya ratsa Manhattan da shi ya kai Brooklyn, mutanen da ba za su taɓa taka unguwarsu ba su gani ko suna so ko ba sa so. Wanda ya san yadda direban babbar mota ke ji da zane da kirarin da ke bayan motarsa ya fahimci rabin zancen. Sauran rabin shi ne jirgin ba na yaran ba ne, fentin ma galibi ba saye suka yi ba.

Idanu biyu a kan jirgi ɗaya

Henry Chalfant masassaƙi ne da ya karanta harshen Girka na da a jami'ar Stanford, ya koma Niyok da zama a 1973. Da ya fara bin jiragen da kyamara, matsalarsa ta farko ta awo ce. Tarago ya haura mita 15 a tsawo, dandamalin tasha kuwa ba shi da faɗin da mutum zai ja da baya ya kama shi duka a ɗauka ɗaya. Sai ya riƙa zuwa tashoshin da layin dogo ya fito daga ƙarƙashin ƙasa ya hau gada, inda akwai hasken rana, ya tsaya a dandamalin da ke fuskantar jirgin. Da jirgi ya tsaya sai ya ɗauki kashi ɗaya na taragon, ya matsa gefe 'yan taku ya sake ɗauka, haka har ya kai ƙarshensa, duk a cikin 'yan daƙiƙun da fasinja ke sauka da hawa. Idan an wanko hotunan, ya jera su a tebur, ya datse gefuna, ya liƙa su baki da baki. Abin da ke fitowa dogon hoto ne siriri, babu sama a ciki, babu gini, babu mutum, sai zanen kaɗai, kamar an ciro shi daga jirgin an shimfiɗa. Irin wannan ya tara ɗaruruwa. Ya daɗe yana yi kafin ya haɗu da masu zanen, kuma da farko ɗan sandan ciki suka ɗauke shi, don ba su ga abin da zai sa Bature mai shekaru kusan arba'in ya yi ta bin aikinsu ba. Sai a 1980, da ya baje hotunan a gidan nune-nune na OK Harris, yaran suka cika wurin suna nuna sunayensu da yatsa. Daga nan suka mai da shi ɗan gida. Wanda ya kwana yana fenti, da asuba zai buga masa waya ya faɗa masa layin da jirgin zai bi.

Martha Cooper ta wata hanya ta zo. An haife ta a Baltimore a 1943, mahaifinta yana da shagon sayar da kyamara, ta tashi da ita a hannu. A 1977 ta kama aiki da jaridar New York Post. Idan ta taso daga inda aka aike ta, takan ratsa ta unguwar Lower East Side ta ƙarasa sauran fim ɗin da ke cikin kyamararta a kan yaran da ke wasa a kangaye, masu haɗa motoci da ɗakuna daga tarkacen bola. A nan ta san wani yaro mai kiwon tantabaru a saman bene, wanda ke rubuta HE3. Shi ya buɗe mata littafin da yake gwada tsara sunansa, ya fahimtar da ita cewa abin da take gani a bango kamar shirme sunaye ne, kuma kowane yana da mai shi da salonsa. Ya kai ta Brooklyn wurin Dondi, wanda ake wa kallon sarkin salo. Dondi ya riga ya san sunanta, domin ya taɓa yanke wani hotonta daga jarida ya liƙa a littafinsa saboda rubutunsa ya fito a bango ta bayan hoton.

A 1980 Dondi ya shigar da ita garejin jirage na New Lots da dare, ta kwana tana ɗauka yana aiki har gari ya waye. Cikin hotunan daren akwai wanda ya fi shahara: saurayin yana tsakanin jirage biyu da aka ajiye dab da juna, ya tokare jikinsa a tsakaninsu sama da ƙasa, ya miƙa hannu da gwangwani yana fesa wa saman taragon. Hoton ya nuna abin da fasinja bai taɓa gani ba, wato cewa ana yin zanen cikin duhu, a wurin da bai fi a miƙa hannu ba, mai yi ba ya iya ja da baya ya duba abin da ya zana, kunnensa kuma yana kan takun masu gadi. A shekarar ta ajiye aikin jarida ta koma bin jirage. Takan sami fegi a kudancin Bronx inda ake hango gadar jirgi, ta daidaita kyamara, ta yi awoyi tana jira, jirgin da take nema ya gilma cikin ƙiftawar ido ko kuma ya ƙi zuwa sam.

Chalfant ya cire gari ya bar zane, Cooper ta mayar da zanen cikin garinsa, da kangaye da hayaƙi da mata masu jiran jirgi. Mai son koyon haruffa wajen Chalfant zai je, mai son sanin dalilin da ya sa yaro zai sai da ransa don rubuta suna kuwa sai hotunan Cooper. Da aikin ɗaya kaɗai ya rage, da labarin ya zo da ƙafa ɗaya.

Hukuma ba ta naɗe hannu ba, kuma tana da hujjarta: cikin taragan ya cika da tawada har taswirar hanya ba ta karantuwa, fasinja da yawa suna ganin abin alama ce ta garin da ba shi da mai shi. Magajin gari John Lindsay ya ɗaura yaƙi da rubutun tun 1972. A 1977 aka kafa injin wanke jirage da sinadari, wanda sau da yawa ba ya fitar da fentin, sai dai ya dama launukan su koma ruwan ƙasa. Wani magajin garin, Ed Koch, ya kewaye gareji da waya mai reza da karnuka a 1981. Abin da ya gama da su dabarar David Gunn ce, shugaban hukumar jiragen daga 1984: duk taragon da aka tsabtace, idan aka sake taɓa shi ba zai fita aiki ba sai an goge. Zanen da ba ya fita gari bai da amfani ga mai shi. Ranar 12 ga Mayu, 1989, aka janye jirgi na ƙarshe mai ɗauke da rubutu.

Kafin nan hotunan sun riga sun tsallake teku. Cooper da Chalfant, waɗanda da farko kishiyoyi ne a kan abu ɗaya, sun haɗa aikinsu suka yi ta yawo da shi wurin maɗaba'un Niyok ana mayar da su. Sai da suka kai shi kasuwar baje kolin littattafai ta Frankfurt a Jamus, kamfanin Thames & Hudson na Landan ya karɓa, ya fitar da Subway Art a 1984. Littafin ya zama allon karatun samari daga Landan zuwa Amsterdam zuwa Sydney, suna kwafar haruffa daga shafukansa ɗaya bayan ɗaya. A Ingila har ya yi suna a cikin littattafan da aka fi sacewa a kantuna, abin da ya dace da almajiran wannan sana'a.

Kiɗan da ya fara da ajo

Ranar da ake ɗauka a matsayin haihuwar hip-hop ranar neman kuɗi ce. A 11 ga Agusta, 1973, wata yarinya, Cindy Campbell, ta kama ɗakin taro na gidan bene mai lamba 1520 a titin Sedgwick a Bronx, ta shirya casu don ta sami kuɗin sayen kayan komawa makaranta. Kuɗin shiga senti 25 ga 'yan mata, 50 ga samari. Bahaushe zai ce ajo ta yi. Mai saka faifai yayanta ne, Clive, haifaffen Kingston ta Jamaika, wanda duniya ta sani da Kool Herc. Ya lura masu rawa sun fi zabura a daidai gaɓar da mawaƙi ya yi shiru ganguna suka rage su kaɗai. Sai ya riƙa ɗora kwafi biyu na faifai ɗaya a kan na'urori biyu, wannan gaɓa na ƙarewa a ɗaya ya tayar da ita a ɗayan, ya ja 'yan daƙiƙu su zama mintuna. A kan wannan kiɗan ne mai riƙe da makirufo ke ambaton sunayen mahalarta yana zuga su, aikin da bai da nisa da na sanƙira, kafin ya rikiɗe ya zama waƙar kirari da zambo mai zaman kanta. Da rani sai a fito da lasifikoki filin wasa, a buɗe gindin fitilar titi a ja wuta.

Sai a 1979 wannan kiɗa ya shiga kasuwar faifai sosai. Shekaru shidan farko, abin da ya rage daga gare su kaset-kaset ne masu shashshaka, da takardun gayyata, da 'yan hotuna. Masu kyamarar jarida ba sa zuwa Bronx sai an yi gobara ko kisa. Shi ya sa aikin Joe Conzo ke da daraja. Ɗan unguwa ne, ɗan makarantar sakandare, wanda ya fara bin ƙungiyar Cold Crush Brothers da kyamara wajen 1979 saboda wasunsu abokan karatunsa ne. Yana tsaye a kan dandamali tare da su, ko a bayan mai saka faifai, don haka hotunansa daga ciki suke kallon waje: gumi, wayoyi a ƙasa, fuskokin 'yan kallo dab da ƙafafun mawaƙa. Daga baya shaye-shaye ya ɗauke shi daga sana'ar, mahaifiyarsa ce ta adana fina-finan har ya farfaɗo ya zama ma'aikacin motar ɗaukar marasa lafiya. Yau dubban hotunan nan suna ajiye a jami'ar Cornell. A Brooklyn kuma akwai Jamel Shabazz, wanda ya yi kusan shekara ashirin yana aikin gandiroba. Shi ba ya satar hoto. Yakan tsayar da matasa ya gaishe su, ya nuna musu kundin hotunansa, su gyara tsayuwa da hula da takalmi yadda suke so a gan su, daga baya ya kawo musu kwafi.

Rawar ma ta hannun Cooper ta fara fita. A farkon 1980 jaridarta ta tura ta wata tashar jirgi a Washington Heights bisa rahoton tarzoma. Ta tarar 'yan sanda sun tsare wasu yara da suka rantse rawa suke yi. Aka ce su gwada a gani, suka faɗi ƙasa suna juyi a kan baya da ka. Jaridar ba ta buga ba, tunda babu tarzoma babu labari. Sai a 1981 hotunanta na masu wannan rawa suka fito a jaridar Village Voice tare da rubutun Sally Banes. A nan ya kamata a lura da wani abu. Ra'ayin da ya zauna yanzu, cewa zanen jirgi da rawa da saka faifai da waƙar baka gida ɗaya suka fito, masu kyamara suna da hannu wajen ƙulla shi, musamman ta fim ɗin Wild Style na Charlie Ahearn da Style Wars na Tony Silver da Chalfant, wanda aka kammala a 1983. Tsofaffin marubutan jirgi da dama sun sha faɗin cewa su kiɗan rock ko na Latin suke ji, kuma sun girmi hip-hop a fage. Amma abin da aka gani tare a hoto, tare aka karɓe shi a Turai da Japan.

Alli a baƙar takarda

Keith Haring ya zo Niyok karatun zane a 1978. A tashoshin ƙarƙashin ƙasa, idan wa'adin talla ya ƙare ba a sami sabuwa ba, ana rufe allon da baƙar takarda. Daga 1980 Haring ya riƙa sauka daga jirgi da farin alli, ya zana jariri mai rarrafe ko kare mai haushi cikin minti biyu-uku, ya hau jirgi na gaba. Wata rana yakan yi har 40. Alli ba ya jure ko gogar kafaɗa, don haka da ya gama sai ya kira abokinsa Tseng Kwong Chi, haifaffen Hong Kong, ya faɗa masa tashoshin da ya bi, shi kuma ya bi sawu da kyamara. Tseng ya ɗauki hotunan Haring da aikinsa kusan 40,000.

Haring Bature ne da ya shiga makarantar zane, kuma ya san abin da wannan ya saya masa. An sha kama shi ana sakinsa. A watan Satumba na 1983 'yan sandan jirgi suka kama wani baƙar fata mai shekara 25, Michael Stewart, bisa zargin rubutu a bangon tasha. An kai shi asibiti a sume da raunuka, ya cika bayan kwana 13, kotu kuma ta sallami 'yan sandan da aka gurfanar. Mai zane Jean-Michel Basquiat ya yi zane a kan wannan mutuwa, Haring ma ya yi nasa a 1985. Daga wannan lokaci aikinsa ya ƙara karkata ga fafutuka da taimako: takardar bango ta adawa da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu wadda ya raba dubbai kyauta, zanen gargaɗi kan hodar iblis a wani filin wasa na Harlem a 1986 wanda aka ci shi tara a kansa kafin hukuma ta dawo ta rungume shi, zane-zane a asibitocin yara, da bangon faifan Kirsimeti na 1987 da aka sayar don wasannin masu naƙasar ƙwaƙwalwa.

Shekarar gidauniya

Abin da ya haɗa mawaƙan duniya a kan neman taimako daga Afirka ya taso, kuma daga kyamara. Farin 1984 ya bi yankin Sahel tun daga Mali da Nijar da Chadi har Sudan, amma a arewacin Habasha ya haɗu da yaƙi da manufofin gwamnatin Mengistu, ya zama yunwa mai kisan dubban ɗaruruwa. Mohamed Amin, ɗan Kenya haifaffen Nairobi, shi ya ɗauki hotunan sansanin Korem da BBC ta nuna ranar 23 ga Oktoba, 1984, da muryar wakilinta Michael Buerk. Amin bai yi gaggawa da kyamara ba. Ya bar ta ta daɗe a kan fili cike da mutane lulluɓe da tsumma cikin hazon asuba, har mai kallo ya rasa inda zai kau da kai. Ɗaruruwan tashoshi a duniya suka maimaita rahoton. Cikin masu kallo akwai mawaƙin Ailan Bob Geldof, wanda shi da Midge Ure suka tara taurarin Birtaniya a watan Nuwamba da sunan Band Aid. Amurkawa suka bi sahu a Janairun 1985 da sunan USA for Africa, waƙar da Michael Jackson da Lionel Richie suka rubuta musu ta tara sama da dala miliyan 60. Ranar 13 ga Yuli aka yi wasan mawaƙa na Live Aid a filin Wembley na Landan gaban mutum 72,000, da wani filin a Filadelfiya, ana watsawa kai tsaye ta tauraron ɗan'adam. Titunan Niyok sun sami wakilci a Filadelfiya: mawaƙan hip-hop na Run-DMC suka hau dandamali, Haring kuma ya yi zane don taron.

An ceci rayuka da kuɗin, wannan ba abin musu ba ne. Amma hoton da ya tara kuɗin ya bar tabo. A gefe ɗaya taurari masu suna da fuska, a ɗaya gefen jama'a tsirara marasa suna, kuma bai faɗi komai game da yaƙin da ya mai da fari ya zama yunwa ba. Mawaƙan Afirka kusan ba a gan su a dandamalin ba, alhali a shekarar Manu Dibango ya tara irin su Salif Keita da Mory Kanté a Faris sun yi nasu faifan don Habasha. Yarinya ɗaya ce daga hotunan yunwar duniya ta san sunanta daga baya, Birhan Woldu, wadda aka nuna tana bakin mutuwa, ta kuma fito a wasan mawaƙa na Live 8 a 2005 tana ɗalibar aikin gona. Ƙorafin bai mutu ba. A 2014 mawaƙi Fuse ODG, ɗan asalin Ghana, ya ƙi shiga sabon zubin Band Aid saboda irin surar da yake ba Afirka. Amin kansa ya rasa hannu a fashewar rumbun makamai a Addis Ababa a 1991, ya koma aiki da hannun roba, ya rasu a 1996 a jirgin saman Habasha da aka sace ya faɗa teku kusa da tsibiran Komoros.

Mawaƙan hip-hop sun ɗauki darasin gidauniya suka juya shi wajen abin da ya dame su. A ƙarshen 1985 Run-DMC da Afrika Bambaataa da Kurtis Blow da Melle Mel suka shiga faifan Sun City na mawaƙi Steven Van Zandt, wanda ya fito fili ya kira sunan wariyar launin fata, ya kuma tara kuɗi don masu yaƙi da ita. A 1989, bayan an kashe wani matashi a wurin wasa, KRS-One ya tara manyan mawaƙan Niyok suka yi faifan kira a daina zubar da jini, ribar ta tafi ga ƙungiyar National Urban League. A nan masu bayarwa da masu karɓa 'yan unguwa ɗaya ne. A shekarar ce kuma Haring, wanda aka tabbatar yana da ƙanjamau a 1988, ya kafa gidauniyar da har yau ke tallafa wa yara da masu wannan cuta daga kuɗin zanensa. Ya rasu ranar 16 ga Fabrairu, 1990, yana da shekara 31. Tseng ya bi shi bayan mako uku, da cuta ɗaya.

Hoto ya zama sa hannu

Waɗanda suka gaji wannan fage sun fara ne daga inda Niyok ta tsaya, wato da sanin cewa zanen titi don kyamara ake yin sa. JR, Bafaranshe da ya fara da rubutun bango a Faris, ya juya abin gaba ɗaya ya mai da hoton kansa abin liƙawa a bango. A 2009 ya je unguwar Kibera a Nairobi ya ɗauki fuskokin matan wurin, ya buga idanunsu a kan leda mai kauri da ruwa ba ya ratsawa, aka shimfiɗa a rufin ɗakuna, faɗin murabba'in mita 2,000. Daga sama idanu ne ke kallon mai kallo, daga ciki kuwa rufi ne da ya daina yoyo. Ya liƙa wasu idanun a jikin jirgin ƙasan da ke ratsa unguwar, sauran fuskar a kan kwanon rufi a gangaren da ke ƙasan layin dogo, sai jirgi ya zo daidai wurin fuskar ta cika na ɗan lokaci.

Banksy na Bristol, wanda ya ɓoye fuskarsa, ta hannun mai ɗaukar hoto ya fito: Steve Lazarides, wanda aka aika ya ɗauke shi a ƙarshen shekarun 1990, ya zama direbansa da dillalinsa kusan shekara goma. Tunda ba ya tsayawa kusa da aikinsa, hanyar da ake sanin zane nasa ne ita ce ya saka hotonsa a shafinsa na intanet. Kafin hoton ya fito, fenti ne a bangon wani. Da ya fito, dukiya ce. A watan Afrilu na 2014 wani zanensa na masoya biyu rungume da juna kowa na duban wayarsa ya bayyana a jikin katako a wani titi na Bristol, kusa da kulob ɗin matasa na Broad Plain da ke shirin rufewa don rashin kuɗi. Shugaban kulob ɗin ya sa ƙarfe ya ɓamɓaro katakon ya shigar ciki. Hukumar birni ta ce bangon nata ne, aka kai zanen gidan tarihi, sai Banksy ya aiko da wasiƙa cewa ya bar wa kulob ɗin. Aka sayar da shi fam 403,000.

A watan Mayu na 2020, ana tsakiyar annobar korona, wani zanensa ya bayyana a babban asibitin Southampton: yaro a durƙushe ya jefa jaruman fina-finai a kwandon shara, ya ɗaga 'yar tsanar ma'aikaciyar jinya sama yana wasa da ita. Ranar 23 ga Maris, 2021, gidan gwanjo na Christie's ya sayar da shi fam miliyan 16.7, mafi tsadar aikin Banksy a lokacin, kuɗin suka tafi ga ƙungiyoyin da ke tallafa wa ma'aikatan lafiya da marasa lafiya a Birtaniya. Ainihin zanen ya koma hannun wanda ya saya, asibitin kuma aka rataya masa kwafi.